Magungunan buɗe ƙofar ido da alaƙarsu da hawan jinin ido

Magungunan buɗe ƙofar ido ruwa ne da ake ɗigawa domin ɗan baƙin ramin nan na tsakiyar ido, inda haske ke shiga, ya faɗaɗa. Sai ya buɗe sannan likita ke ganin jijiyar gani da bangon bayan ido sosai. Shi ya sa ake ɗiga wa masu ciwon suga da masu yanar ido kafin a duba su, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Turofikamaid aka fi amfani da shi, ƙarfinsa kuma yakan sake cikin awa 4 zuwa 6. Saikulofentolet, wanda ake yawan sa wa yara kafin gwajin tabarau, yana kai wuni da kwana. Aturofin kuwa yakan yi mako ɗaya zuwa biyu bai saki ido ba, kuma yana daga cikin sinadaran da ke cikin zaƙami. Wanda aka ɗiga wa zai ga rubutun waya ya dushe, hasken rana ya yi masa kaifi, don haka ba ya tuƙa babur ya koma gida da kansa.

Yadda maganin ke shafar hawan jinin ido

Ido yana samar da wani ruwa garai-garai a bayan zoben da ke kewaye da ƙofar. Ruwan yana bi ta ƙofar ya fito gaba, ya tsiyaye ta wata magudana a lungun da zoben ya haɗu da gilashin gaban ido. Matsinsa a ido mai lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. A idon da lungun nan yake da matsatsi tun asali, zoben yakan tattare ya toshe magudanar idan ƙofar ta buɗe. Ruwa ya rasa mafita, matsi ya haura 40 cikin 'yan awoyi. Abin lura shi ne toshewar ta fi faruwa lokacin da maganin ya fara sakewa, wato bayan mara lafiya ya riga ya isa gida.

Alamomin wannan hawan jinin ido na farat ɗaya ba sa ɓoyuwa: ido ya yi jajur da zafin ciwo, kai ya sara a ɓangare ɗaya, gani ya yi hazo, a riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila, wani har da amai. Akwai masu ɗaukarsa zazzaɓi su sha maganin ciwon kai su kwanta, alhali jijiyar gani tana lalacewa, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Asibiti ake nufa a daren, a saukar da matsin da asitazolamaid da magungunan ɗigawa, daga baya a huda ƙaramar kafa a zoben da hasken leza.

Waɗanda abin ya fi shafa

Tsofaffi ne, musamman mata, da masu wahalar ganin abin da ke kusa tun ƙuruciya, da waɗanda yanar idonsu ta kumbura. Ko a cikinsu ma ba kasafai yake faruwa ba. A wani bincike da aka yi a birnin Rotadam na ƙasar Holan, mutum 2 kacal ya sama cikin 6,760 da aka ɗiga wa maganin. A Nijeriya kuma, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido, mafi yawansu nau'in da lungun yake a buɗe, wanda maganin ba ya toshe shi. Wannan nau'i yana cin gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma duban jijiyar gani na daga cikin hanyoyin kama shi da wuri. Wanda ya ƙi ɗigon saboda tsoro ya fi yin asara.

Kafin a ɗiga, ma'aikacin ido yakan haska tocila daga gefen kunne. Idan inuwa ta rufe rabin zoben da ke wajen hanci, lungun matsattse ne, sai a fara dubawa da madubi na musamman. Wannan dubawar ce babu ita idan an sayi aturofin a kemis, ko aka ari kwalbar maƙwabci don jan ido. Wasu magungunan sha ma, kamar na mura masu sa barci da na murɗar ciki irin hayosin, suna iya buɗe ƙofar ido, don haka wanda aka taɓa gaya masa lungun idonsa matsattse ne ya kamata ya faɗa wa duk likitan da zai rubuta masa magani.