Yoyon ƙarya a Java: idan kwamfuta ta yi ihu alhali babu ɓarawo

Wani ƙanen abokina da ke koyon rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Java a nan Maradi ya same ni a teburin mai shayi, kwamfuta a hammata. "Yaya, don Allah duba mini wannan." Layuka sun yi ruwan ɗorawa a Eclipse, manhajar da yake rubutun a cikinta, kowane na cewa ya buɗe abu bai rufe ba. Shi ko har rantsuwa yake yi komai na rufuwa. Da gaskiyarsa, kuma abin na da suna: gargaɗin yoyo na ƙarya.

Yoyon na gaskiya dai sananne ne. Fayil, ko haɗi da intanet, ko haɗi da rumbun bayanai, duk aro ne manhaja ke karɓa daga tsarin kwamfuta, kuma aro sai an maido. Mai sharar ƙwaƙwalwa na Java, wato sashen da ke kwashe abin da manhaja ta gama amfani da shi, ba abin dogaro ba ne a wannan aikin. A Linux da yawa, shiri ɗaya ba ya wuce fayil 1024 a buɗe sai in an ɗaga masa iyakar, yana kaiwa nan ya cije. Shi ya sa Java 7 ta zo da AutoCloseable da tsarin try mai rufe abu da kansa a 2011.

To ina ƙaryar take shigowa? Ka ɗauki pampon unguwa. Ka buɗe, ka cika jarkarka, ga mai ga-ruwa a bayanka da kurarsa, sai ka bar masa a buɗe ka yi gaba. Shi zai rufe. Amma tsohuwar da ke leƙe ta taga bayanka kawai ta gani, sai ta ce yaron nan ya bar ruwa na zuba. Haka mai binciken rubutun manhaja yake, wato wanda ke fitar da gargaɗin nan. Yana kallon aiki ɗaya ne a lokaci guda, bai san ka miƙa nauyin rufewa ga wani ba sai an gaya masa.

Da alama ake gaya masa, irin wadda ke farawa da @. @Owning na nufin wanda ya karɓa shi zai rufe, @NotOwning kuma aro ne, mai shi na nan. Checker Framework, wani mai binciken rubutun Java, na aiki da su, Eclipse ma ta shigo da nata a 2024. Akwai kuma tsofaffi irin @WillClose na JSR-305, wani tsohon jerin alamomin Java.

Ita alamar kanta aji ce, wato guntun rubutun Java, tana zaune cikin wani ƙunshin fayiloli dabam da ake kira jar, kuma nan gizo ke saƙa. Injin Java ba ya buƙatarta lokacin da manhaja ke gudu, in bai same ta ba sai ya wuce abinsa. Don haka masu rubuta laburare, wato shiryayyen rubutun manhaja da wasu ke ɗauka su yi aiki da shi, kan sa ta a matsayin provided ko optional a Maven, ko compileOnly a Gradle (kayan gina manhaja ne su biyun), don kada su ɗora wa mutane kaya. Irin wannan ba ya bin laburaren zuwa wurinka. Sunan alamar na nan cikin fayil, amma ma'anarta ta tsaya a hanya, kamar wasiƙa ta iso babu mai karanta ta. Mai binciken sai ya ɗauka ba a ce komai ba, ya hau ihu.

Yaron nan har ya fara "gyara". Wasu wuraren ya liƙa @SuppressWarnings("resource"), wanda toshe bakin mai gadi ne kawai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne inda ya bi umarnin ya rufe abin da ba nasa ba. Masu koyo sun san wannan da Scanner, mai karanta abin da aka shigar: ka rufe wanda ke kan System.in, wato hanyar allon rubutu, duk shirin ya daina jin allon rubutu. A ganina gargaɗin ƙarya ba ya kashe manhaja, irin wannan gyaran ne ke kashe ta.

Muka buɗe pom.xml, fayil ɗin da Maven ke jera kayan manhaja a ciki, na laburaren da yake amfani da shi, muka ga ƙunshin alamomin an sa shi provided. Muka ƙara shi a nasa pom.xml, sigar da ta dace, muka sake ginawa. Kafin shayi na biyu ya iso, ruwan ɗorawan nan ya baje, saura layi ɗaya.

"Yaya, wannan fa?"

Na duba. Fayil ne ya buɗe cikin madauki, wato umarnin da ke ta maimaita kansa, kuma babu wanda ya miƙa wa.