Zagaye waya kaɗai ba ya kare netwok ɗin masana'anta

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar an haɗa suwic-suwic (na'urorin da ke haɗa wayoyin netwok) a zobe, ko waya ta tsinke saƙo zai bi ɗaya hannun. Amma zoben da babu mai kula da shi hatsari ne: saƙonni za su yi ta kewayawa har netwok ya cushe.

A tsarin MRP, wato ƙa'idar da ke kula da zoben netwok, suwic ɗaya ne manaja. Yana toshe ƙofarsa ɗaya (inda ake jona waya), yana aika saƙon gwaji kowace milisakan 20 ta hannu biyu. In uku suka ɓace a jere, sai ya buɗe ƙofar, aiki ya dawo cikin milisakan 200.

Inda ake shan wahala shi ne bayan nan. Injina na ci gaba da gudu, babu wanda ya san zoben ya tsinke, sai tsinkewa ta biyu ta tsayar da komai. A Sakkwato, ƙurar hunturu kan shiga bakin fayiba, wayar da ke ɗaukar saƙo da haske, ta rage hasken a hankali. Dole a haɗa ƙararrawar manaja da ɗakin kula, kuma kada a binne hannu biyun a rami ɗaya, domin diga ɗaya zai yanke su tare.