Dek ɗin Kaset a Falukan Bauchi

Dek, kamar yadda masu gyaran rediyo da 'yan kasuwar kayan wuta ke kiransa, na'ura ce ta kunna kaset da naɗar murya wadda ba ta da lasifikar kanta. Sai an jona shi da amfilifaya, ita kuma ta tura sautin zuwa lasifika, sannan a ji abin da ke cikin kaset. Wannan ne ya raba shi da rikoda mai hannu, wadda ake cusa wa batir a tafi da ita gona ko majalisa. Dek ɗan zaman falo ne. A Bauchi har yau akan tarar da shi cikin dibaida ko sho-gilas a gidajen tsofaffin ma'aikata da malaman makaranta, an lulluɓe shi da ƙyalle, alhali masu gidan sun daɗe da komawa sauraro ta waya da memori.

Asali

Kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro kaset, a masana'antarsa da ke garin Hasselt na ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens ɗan ƙasar Holan. An fara nuna shi ga jama'a a baje kolin rediyo na Berlin a watan Agustan 1963. Da farko don ɗaukar magana aka yi shi, sautinsa bai kai a saurari kiɗa da shi ba. Faɗin zaren milimita 3.81 ne kacal, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma siririn zare mai tafiyar hawainiya dole ya riƙa huci. Tsarin rage hucin da ake kira Dolby B, wanda ya fito a 1968, da ingantuwar sinadarin da ake shafa wa zaren, su suka ɗaga darajar kaset har ya samu gurbi kusa da garmaho. Daga nan kamfanonin Japan suka karɓe kasuwar: Sony, Pioneer, Technics, Aiwa, Kenwood, da Nakamichi, wanda samfurinsa Dragon na 1982 har yanzu masu sha'awa ke neman sa ido rufe.

Shigowarsa gidaje

Kaset ya yaɗu a Arewa daidai lokacin da kuɗin man fetur ya wadata. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya sa ma'aikata da yawa sun sayi babur da rediyo da rikoda, shekara ɗaya bayan nan kuma aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, wadda Gombe ke cikinta har zuwa 1996. Sabuwar hedikwata ta tara ma'aikata, ma'aikaci kuwa yana son falonsa ya nuna matsayinsa. Jeren dek da amfilifaya da manyan lasifika biyu ya zama abin ado kamar kujerun kushin. Alhazai ma sun riƙa dawowa da rikoda a cikin tsaraba.

Abin da aka naɗa a kaset a wancan zamani shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a yar da dek. Akwai karatun Alƙur'ani da wa'azi, akwai tafsirin watan azumi na malamai irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, wanda mutane kan ɗauka kai tsaye daga rediyo, yatsa a kan maɓallin naɗi, ana jiran mai gabatarwa ya gama magana. Akwai waƙoƙin makaɗan fada da na noma, da begen Annabi a wurin mauludi. Yawancin waɗannan an riga an juye su, suna yawo a wayoyi. Amma akwai kason da babu wanda ya juye: ɗaurin auren gida, walimar saukar karatu, muryar kaka tana tatsuniya, da kaset ɗin saƙo da 'yan uwa mazauna Makka ko Sudan ke aikowa ta hannun matafiya, inda mutum zai zauna ya gai da dangi ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tambayi damina, ya ba da labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa. Irin wannan kaset kwafi ɗaya ne a duniya. In dek ya mutu, muryar tana nan cikin zare amma babu ƙofar da za ta fito. Don haka kiran wannan ɗabi'a kewar zamanin da ya wuce kawai bai cika adalci ba, ko da yake kewar ma tana nan, kuma ba abin kunya ba ce. Mutum ya danna maɓalli ya ji ƙarar nan ta ƙarfe, allurar mita ta fara rawa, sai falon mahaifinsa ya dawo masa gaba ɗaya.

Yadda yake aiki da inda yake lalacewa

Wani siririn ƙarfe mai juyawa da 'yar tayar roba ne ke matse zaren su ja shi ta gaban hed, shi kuma hed ya karanta maganaɗisun da ke jikin zaren. Wani ɗan injin lantarki ne ke juya su ta hanyar bel na roba, kuma bel ɗin nan ne kan fara mutuwa. In ya tsufa yakan saki, murya ta riƙa ja kamar ta mai jin barci, ko ya narke ya zama baƙin danƙo mai wuyar gogewa. Zafin Maris da Afrilu yana gaggauta wannan. Ƙurar hunturu kuma takan kwanta a hed da tayar roba, sauti ya dushe, daga nan sai a ji ana cewa dek ya ci kaset. Maganinsa auduga da ɗan sifirit, a goge a hankali. Dek ɗin da ake kunnawa jefi-jefi ya fi wanda aka ajiye shekaru lafiya, domin maiƙon cikinsa yakan daskare in ba ya motsi.

Mai sayen na gwanjo, wanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam, ya duba bayansa kafin ya jona. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kayan Amurka kuwa na 120 ne, na cikin gidan Japan na 100. In babu taransifomar rage wuta, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone shi. Masu gyara sun yi ƙaranci, domin yaran shago sun koma gyaran waya, sai dattawan da suka rage a kewayen kasuwannin Wunti da Muda Lawal, waɗanda sau da yawa sai sun farke matacce su ciro kayan da za su tayar da wani.

Kaset ɗin kansa

Lambar da ke jikinsa mintuna take nufi: C60 rabin awa kowane gefe, C90 minti 45. Zaren C120 ya fi sauran siranta, shi ya sa ya fi saurin harɗewa. A saman kaset akwai 'yan kunnuwa biyu, in an karya su ba za a iya naɗa wani abu a kai ba, kuma duk kaset mai muryar mamaci ya kamata a karya masa su tun kafin a saka shi. Ana nesanta shi da rana da jikin lasifika saboda maganaɗisu. Zaren da ya zubo da biro ake mayar da shi. In gidan kaset ya fashe, akan kwance sukurorinsa a mayar da zaren cikin wani.

Juyewa zuwa kwamfuta ba ta da wuya: waya daga ramukan ja da fari na bayan dek zuwa kwamfuta, da manhaja irin Audacity wadda kyauta ce. Sai dai ba a yi mata hanzari, C90 sai ya ci mintinsa 90 cif. Kamfanin TEAC na Japan yana ƙera sabon dek har yanzu, amma babu Dolby a cikinsa, kuma tsoho mai kyau da aka sake wa bel yakan fi shi fitar da murya tas.