Kana biyan bashi kaɗan-kaɗan, sai ga sammaci: me doka ta ce?

Duk shekara idan kaka ta kama, maganar bashin taki da na iri takan tashi a ƙauyukan Kura, Ringim da Hadejia. Bana ma ana ta yaɗa cewa wanda sammacin bashi ya iske, gidan yari ya nufa. Wasu kuma sun ɗauka tunda an yi sulhu gaban dagaci ana biya wata-wata, mai kuɗi ba shi da ikon kai ƙara. Duka biyun kuskure ne.

Sulhu ba ya rufe ƙofar kotu. Ɗan kasuwa, ƙungiyar adashi ko bankin ƙananan rance, kowa na iya shigar da ƙara. Amfanin yarjejeniyar shi ne ta zame maka hujja gaban alƙali. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke bi, bashin da aka yanka wa lokaci ba a tilasta biyansa kafin lokacin ya yi. Sai dai ka duba takardarka da kyau: ta banki sau da yawa tana cewa idan ka tsallake biya ɗaya, sauran kuɗin duka ya hau kanka nan take.

Maganar kamu ita ce ta fi tsorata mutane. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, don haka ba a tafiya da ɗanka ko matarka saboda ba a same ka ba. Abin da ke faruwa shi ne mai bin bashi ya sauya wa maganar suna, ya kira ta zamba ko cin amana, don ta koma laifi. Wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya tun farko, ko ya sayar da kayan da aka ba shi ajiya, wannan laifi ne. Manomin da ambaliya ta cinye masa shinkafa ya kasa cika buhunan da ya yi alkawari, wannan bashi ne, kuma jan irinsa zuwa caji ofis zalunci ne.

To, ana tsare mutum kan bashi? Ana yi, amma alƙali ne ke yi, bayan hukunci, idan ya tabbata mutum yana da hali ya ƙi biya ko ya ɓoye dukiya. Hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Wanda ya tabbatar da ƙuncinsa kuwa, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ƙin zuwa kotu. Mutum ya karɓi sammaci, kunya ko tsoro ya sa ya tafi cin rani, sai a saurari mai ƙara shi kaɗai, a ɗora wa wanda ake ƙara cikakken kuɗin, har da wanda aka riga aka biya. Ka je ranar da aka sa. Ka riƙe takardar sulhu, rasit, saƙon banki ko takardar POS, da shaidu biyu idan hannu da hannu ka biya. Ka amsa abin da ya rage, ka musanta ƙari, ka roƙi alƙali ya rubuta biyan kaɗan-kaɗan a matsayin hukunci. Kada ka ambaci adadin da ba za ka iya ba don a sallame ka da wuri. Idan noma ne sana'arka, nemi a ɗaura biyan da kaka.

Idan ka saɓa bayan hukunci, ma'aikatan kotu ne ke kama kaya, ba yaran mai kuɗi ba. Dokar tarayya game da zartar da hukunci ta ce a fara da kayan da ake ɗauka kafin a taɓa gida ko gona. Ta keɓe tufafi, shimfiɗa da kayan sana'a, amma iyakar naira 10 ta sa musu, adadin da yau ba ya kare ko fartanya, kuma ya kamata majalisa ta gyara shi.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a a Kano ko Dutse kafin ranar zama.