Ƙasashe Mafiya Ƙanƙanta a Duniya

Ana auna ƙanƙantar ƙasa ta fuska biyu, wato faɗin ƙasarta da yawan jama'arta, kuma Vatikan ce ta farko a dukkan ma'aunan. Ta fuskar faɗi, masu bi mata su ne Monako, Nauru, Tuvalu, San Marino da Liktenstain. Ta fuskar jama'a kuwa Tuvalu da Nauru ne ke biye, kowacce da mutum dubu 10 zuwa 12, sai Palau mai kimanin dubu 18. Na Turai a cikinsu saura ne na tsoffin ƙasashe da suka tsira ta hanyar yarjejeniya da manyan maƙwabta, na Tekun Pasifik kuwa sun samu 'yanci ne bayan mulkin mallaka.

Vatikan

Faɗinta bai kai rabin murabba'in kilomita ba, mazaunanta kuma ba su cika dubu ba. Kafin 1870 Paparoma yana mulkin yanki mai faɗi a tsakiyar Italiya, amma a shekarar sojojin sabuwar ƙasar Italiya suka ƙwace birnin Rum. Paparomomin da suka biyo baya sun ƙi amincewa da hakan, suka kuma ƙi fita daga fadarsu kusan shekara 60, har aka ƙulla Yarjejeniyar Lateran ranar 11 ga Fabrairu 1929 da gwamnatin Mussolini ta Italiya, wadda ta kafa ƙasar Vatikan a cikin birnin Rum. Aiki ne ke ba mutum zama ɗan ƙasar, ba haihuwa ba, kuma yawanci in aikin ya ƙare matsayin ya tafi.

Monako

Tana gaɓar Bahar Rum, Faransa ta kewaye ta ta tudu, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 2 ne, mutanenta kuma sun kusa dubu 39, abin da ya sa ta fi kowace ƙasa cunkoso. Tarihin gidan sarautar Grimaldi ya koma 1297, lokacin da aka ce François Grimaldi ya yi shigar limamin coci, da takobi ɓoye cikin riga, aka buɗe masa ƙofar ganuwa. A 1861 Monako ta sallama wa Faransa garuruwan Menton da Roquebrune, waɗanda su ne mafi yawan ƙasarta. Kuɗin gidan cacar Monte Carlo ne suka cike giɓin, har aka soke harajin kuɗin shiga a 1869. Daga baya an ƙara mata faɗi ta hanyar cike teku.

San Marino

Murabba'in kilomita 61 ce a tsakiyar Italiya. Bisa al'ada, wani masassaƙin dutse mai suna Marinus ne ya kafa ta wajen shekarar 301, sai dai masana tarihi suna shakkar wannan lokaci. A 1797 Napoleon ya yi mata tayin ƙarin ƙasa, shugabanninta suka ƙi karɓa, kuma da alama wannan hangen nesa ne ya kare ta bayan faɗuwarsa. Shugabanni biyu ne ke mulkinta tare, ana sauya su duk wata shida.

Liktenstain

Tana tsakanin Suwizalan da Ostiriya, faɗinta murabba'in kilomita 160. Ta rushe rundunar sojanta tun 1868.

Nauru da Tuvalu

Nauru tsibiri ne guda mai murabba'in kilomita 21, labarinta kuma abin tausayi ne. An gano sinadarin fosfet na yin taki a cikinta a 1900, aka yi ta haƙa har kusan kashi 80 cikin ɗari na tsibirin ya koma tsirarun duwatsu marasa nomuwa. Bayan 'yancin 1968 ta shiga sahun masu arziki na ɗan lokaci, sannan ma'adinin ya ja baya, dukiyar da aka tara ta salwanta. Ba ta da babban birni a hukumance. Ofisoshin gwamnati suna Yaren.

Tuvalu, mai murabba'in kilomita 26, ta samu 'yanci daga Birtaniya a 1978. Wuri mafi tudu a cikinta bai kai mita 5 bisa teku ba, don haka hauhawar ruwa ke barazana ga wanzuwarta. A 2023 ta ƙulla yarjejeniyar da ke bai wa mutum 280 damar ƙaura zuwa Ostireliya kowace shekara.

Saɓani

Niue da Tsibiran Cook, waɗanda su ma ƙananan yankuna ne a Tekun Pasifik, suna mulkin kansu cikin ƙawance da Niyu Zilan, kuma ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wasu majiyoyi suna ƙirga su cikin ƙasashe, wasu ba sa ƙirgawa.