Sifesar Tirelar Haɗin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce sifesa, me take yi a jikin tirela?

Guntun bututun ƙarfe ne mai kauri, wanda bolti ke ratsa cikinsa don ya tsare tazara tsakanin ƙarafa biyu. Inda aka fi buƙatarta shi ne inda bolti ya ratsa fayif mai kusurwa huɗu, musamman wajen ɗaure bakin da ake maƙalawa a mota. Cikin fayif ɗin ai fanko ne. Kana ɗaure noti, gefe da gefe na lotsawa ciki. Yau ka ji ya yi tamau, an yi sawu biyu a hanya mai gargada sai ka ji ƙwaram-ƙwaram a baya. In akwai sifesa a ciki, a kanta notin zai matse, fayif ba zai lotsa ba.

Ba zan iya jera washa biyar ko shida ba?

Ɗaya ko biyu ba laifi. Fiye da haka ban yarda ba, domin kowace tana zamewa a kan 'yar uwarta, tsatsa ta shiga tsakani, ɗauri ya saki.

Da wane ƙarfe zan yi, kuma yaya awon yake?

Mafi kyau a samo sandar ƙarfe, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su huda tsakiyarta. Boltin milimita 12 yana son rami na milimita 13, jikin sifesar kuma kada kaurinsa ya gaza milimita 3 zuwa 4. Fayif ɗin ruwa na rabin inci da ake yawan yankawa bai dace ba: raminsa ya kai wajen milimita 16, bolti na rawa a ciki, ga jiki siriri. In kuma mai farin shafin nan na zinki ne, hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai. Alminiyam ma a bar shi, yana cinyewa in ya haɗu da ƙarfe a cikin damshi.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin yanka. Yankan giranda da hannu ba ya miƙewa, kuma in baki ya karkace, bolti zai lanƙwashe yayin ɗauri. Ka tsayar da sifesar a kan gilashi ka duba ta wajen haske. In haske na ratsawa ta ƙasa, a sake gyara ta. Bolti kuwa ka duba kansa, ka ga an buga 8.8, wato lambar da ke nuna ƙarfinsa.

To, sifesar taya fa, in taya na gogar jiki?

Ita wannan faifan ƙarfe ne da ake sawa a bayan taya don ya tura ta waje, kuma a nan a yi hattara sosai. Tura taya waje yana ƙara wa boris nauyi, yana kuma cinye tsawon zaren boltin taya da noti ke kamawa. Dole noti ya kama zare aƙalla daidai kaurin boltin. Gara a sake awon aksil ɗin tun farko. In dole ta sa, a sake ɗaure notocin bayan kilomita 50 na farko.