Waiwaye: Yadda tashar jiragen ruwan Garwa ta mutu

Duk wanda ya tsaya kan gadar Binuwai a Garwa, arewacin Kamaru, da rani, ya hango masu wanki da masu ɗibar yashi a tsakiyar kogi, zai yi wuya ya yarda cewa a da jiragen dakon kaya suna tasowa daga bakin teku su sauke lodi a nan. Amma haka abin yake.

Hanyar doguwa ce. Jirgi zai taso daga Burutu ko Warri a kudancin Najeriya, ya hau kogin Kwara har Lakwaja, ya karkata ya shiga Binuwai, ya wuce Makurɗi da Yola, sannan ya iso Garwa. Tun a 1854 jirgin Baikie, wani Bature mai binciken ƙasa, ya nuna wa Turawa cewa Binuwai na ɗaukar jirgi mai inji. Jamusawa suka kama Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su, kamfanoni irin su UAC da John Holt kuwa suka riƙe jigilar.

Sai dai kogin ba kullum yake ba da hanya ba. Wata biyu ne zuwa uku, lokacin da damina ta yi nisa ruwa ya cika. Don haka aikin shekara guda a cikin waɗannan makonni ake yin sa. Auduga da gyaɗar da aka tara a sito tun kaka, har da ta kudancin Cadi, ita ake lodawa, bayan an sauke gishiri da siminti da man fetur da atamfa. 'Yan dako ba su da hutu, domin ruwa in ya fara ja da baya ba ya jiran kowa, jirgin da ya yi nawa kuma yana iya kafewa a kan yashi.

Abubuwa uku suka haɗu suka kashe tashar. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya datse ƙasan kogin. A 1974 layin dogo ya iso Ngaundare, kaya suka koma bi ta tashar teku ta Duwala. Sannan aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai, sama da Garwa, a 1982, ta riƙe cikar ruwan da jiragen suka dogara da ita. Lagdo ta ba arewacin Kamaru wutar lantarki da kifi da noman rani, ba wanda zai musa, amma da tashar Garwa aka biya.

Yau kwantenar ɗan kasuwan Marwa ko Injamena a Duwala take sauka, ko a Kiribi da aka buɗe a 2018. Kafin ta fita akwai duwan, wato kwastan, akwai tiransita, wato dillalin fito da kaya, akwai kuɗin jinkiri idan takardu suka makale. Daga nan ko jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko tirela kai tsaye, a gangara tsaunin da ke firgita direbobi, a bi Garwa da Marwa zuwa Kusiri, a haye gadar Ngeli a shiga Injamena. Kusan kilomita 1,800 ke nan. Kowane shinge da kowace taya da ta fashe a hanya, mai sayen buhun shinkafa a kasuwa ne yake biya, kuma wannan shi ne abin da ke damuna.

An sha yin maganar farfaɗo da tashar. A ganina gyaran gini a Garwa kaɗai ba zai dawo da jirgi ko ɗaya ba, tunda mafi yawan hanyar a Najeriya take. A 2009 gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, amma Binuwai na nan cike da yashi. Madatsar Dasin Hausa da ake ta cewa Najeriya za ta gina a Adamawa don tare ruwan Lagdo har yanzu ba a gina ta ba, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 sun mayar da zancen kogin na zargin juna. Sai ƙasashen biyu sun zauna sun daidaita kan yashe Binuwai da lokacin sakin ruwa tukuna za a iya maganar lodi a Garwa.